Ranar da na kai kaina biki a kan babur

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ɗora wa kaina burin koyon babur, ni da ko mai haya ne ya ɗauke ni sai na rufe ido, in ƙanƙame ƙarfen baya ina salati har mu isa. Tun ina ƙarama na ga wani ya faɗi a kan gadar Binuwai, tsoron nan bai sake ni ba.

Wajen aikinmu ne ya ja mini, wata ƙungiyar mata manoma a nan Garwa. An ce ana neman mace ɗaya da za ta riƙa zagaya ƙauyuka, amma sai wadda ta iya babur. Ina son aikin nan kamar me. A taron farkon shekara, shugabarmu Madam Jaklin ta ce kowacce ta faɗi burinta. Da aka zo kaina na ce, "Ni dai ina so in rage tsoro."

"Wannan ai addu'a ce, ba buri ba," in ji ta. "Me za mu gani da idonmu mu san kin yi?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. "Ranar bikin Fadimatu, ni da kaina zan tuƙo babur daga gidanmu har ƙofar gidansu a Jambutu."

Fadimatu abokiyar aikinmu ce, bikinta kuma ya ƙarato. Aka ɗauki tafi.

Yayana Hamadu ne ya yarda ya koya mini da babur ɗinsa, a wani fili mai yashi a bayan unguwarmu. Duk ranar koyo da zazzaɓi nake tashi. Amma a hankali na iya tayarwa, na iya miƙewa, har kwana na iya. Tsayawa kuwa, dabarata ita ce in saki mai, in zuba ƙafafu cikin yashi har abin ya gaji don kansa.

"Ke, wannan ba tsayawa ba ce," Yaya ya ce. "Zo in nuna miki birki sosai."

"Yaya, tsoron taɓa shi nake. Bari sai bayan biki. Ni dai alkawarina in isa."

Ya dube ni, ya girgiza kai.

Ranar biki na sha farin leshi, na sa wando a ciki, na hau. Yaya na biye da ni a babur ɗin abokinsa. Abin da na gani a hanya Allah kaɗai ya sani. Wata babbar motar auduga ta wuce ta gefena, iskarta ta kusa kwashe ni, na ji gumi na bin bayana har cikin takalmi.

Da na karya kwanar layinsu Fadimatu sai ga rumfa cike da mata, 'yan wajen aikinmu a gaba, Madam Jaklin ta ɗaga waya tana ɗaukata. Suka ɗau guɗa. A nan ne na lura da abu biyu: layin gangare ne, kuma babu yashi ko kaɗan.

Na zuba ƙafafu, takalmi ɗaya ya fice. Na kai hannu birki, maimakon in matse sai na murɗa mai.

"Hakkilo! Hakkilo!" wata ke ihu da Fulatanci, wato a yi hankali. Yaya daga baya yana, "Birki! Birki, don Allah!" Ni kuwa abin da ke fita daga bakina kawai, "Ku kauce! Ban iya tsayawa ba!"

Mata suka watse, kujeru suka tarwatse, mai waƙa ya jefar da makirfo ya haye taga. Na yi karo da wani tebur, duniya ta juya, na ji ni a ƙasa.

Da na buɗe ido, farin leshina ya koma ja wur, daga wuya har gwiwa, wani abu mai sanyi na bin fuskata. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Na yi kalmar shahada, na fashe da kuka: "Yaya, ka ce wa Inna ta yafe mini! Kada a bari Madam ta nuna hoton gawata!" (Ashe makirfon nan yana daidai bakina. Har bakin titi an ji.)

Sai goggon amarya, wata tsohuwa mai sanda, ta matso ta dangwali kafaɗata da yatsa, ta lasa.

"Tashi, 'yar nan," ta ce. "Jinin naki har da citta da sukari."

Babban bokitin folere ne, zoɓon da aka haɗa wa baƙi, ya juye a kaina. Ban da ƙujewa a gwiwa babu abin da ya same ni, kuma alhamdu lillahi ban taka kowa ba. Dariyar da aka yi, har amarya sai da aka sake mata kwalliya don hawaye.

Aikin ƙauyuka wata aka ba, ban kuma yi gardama ba. Na koma wurin Yaya da kaina a ƙasa, muka fara daga birki. Yau ina hawa lafiya lau, sai dai a Jambutu har yanzu Hajiya Folere ake kirana.

Tun daga ranar, in zan ɗaura wa kaina wani buri, ba na tsayawa a kan inda nake so in kai. Sai na faɗi yadda nake so in sauka, da kuma launin da nake so kayana su kasance in na isa.