Yadda Za Ki Koya wa Ɗiyarki Gaskiya Ba Tare da Ta Tona Miki Asiri Ba

"Mama, idan ƙarya haramun ce, ke wa ya ba ki izini?"

Bara'atu ce ta jefo min wannan tambaya, ɗiyata mai shekara shida, muna tsaye a ƙofar gidanmu a Damba muna ɗaga wa surukata hannu. Inna ko kwana ba ta sha ba. Ban jima da riƙe hannunta ba ina ce mata daddawar batson nan ta 'ya'yan gurguzu da ta kawo mana daga Kwatarkwashi wancan watan har lasar kwano muka yi. Alhali ban taɓa jefa ta a tukunya ba, warinta juya min ciki yake yi. Akwai wani tsohon gwangwanin madara a bayan randa, nan nake rufe ta har maƙwabciyata Hanatu ta leƙo ta katanga in miƙa mata.

Idan ke ma Allah Ya ba ki irin wannan yarinya, kwantar da hankalinki. Ga matakan da na bi da kaina. Na ba ki tabbaci cikin wata uku za ta daina irin wannan tambaya. Tawa ta daina.

1. Kada ki amsa

Ce mata, "Wuce ciki, dubi hancinki duk majina." Ko babu majinar. Masana tarbiyya, wato ni da Hanatu, mun tabbatar cewa yaron da aka sa shi taɓa hancinsa yakan manta rabin abin da ya tambaya.

2. Tura ta wajen masu ilimi, amma kada ki tsaya kan mutum ɗaya

Idan ta dawo da tambayar, kuma za ta dawo, ki ce ta tambayi malamarsu. Malama Asiya ta Islamiyya ta ce wa tawa ƙarya ba ta da ƙarama, ko da wasa aka yi ta an rubuta. Wannan amsa tana da haɗari gare ki, saboda haka ki yi maza ki haɗa ta da babanta.

Maigidana direba ne, Gusau zuwa Tsafe. Mutum ne da zai tsaya a tasha yana ihun "saura mutum ɗaya mu tashi" alhali babu kowa a motar sai buhun gero. Ya dawo daga layin mai a gajiye, ya ce mata, "Duk maganar da ta hana faɗa a gida ba laifi ba ce. Inda magana za ta kai ake dubawa."

Sai ki rufe da maƙwabciya. Hanatu, 'yar Kucheri, nata ilimin gajere ne: "Abin da ba a gani ba bai faru ba. Abin kunya shi ne a kama mutum."

Yanzu yarinyarki tana da amsa uku da ba sa ga maciji da juna. Yaron da kansa ya ɗaure shiru yake cin tuwonsa.

3. Sauya wa abin suna

Zaunar da ita a cinyarki, ki yi murya mai taushi. Ki bayyana mata cewa wadda yaro ya yi wa babba ita ce ƙarya, wadda babba ya yi wa wanda ya girme shi kuwa sunanta ladabi.

"Don kada ran Inna ya ɓaci ne," na ce mata. "Kina so Inna ta yi kuka?"

Ta girgiza kai. Tana wasa da bakin zanena, can ta ce, "To idan mutum zai ji haushi, sai a gaya masa abin da yake so?"

"Yawwa, 'yar albarka!"

Ki lura da saurin da za ta gane. Karatun allo sai an yi ta maimaitawa, wannan kuwa sau ɗaya ya isa.

4. Yi mata gwaji kafin baƙuwa ta iso

Tsofaffi sun san inda gaskiyar gida take, shi ya sa jika suke jawowa gefe. Don haka ki ɗaura ɗankwali irin na surukarki, ki rage tsawo, ki yi ta jefa wa yarinyar tambaya har amsa ta zauna a bakinta. Ki koya mata karatun idonki kuma: harara ɗaya tana nufin yi shiru, biyu tana nufin bari baƙi su tafi.

Da Inna ta sake zuwa, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ke ƙawata, taho nan. Hwaɗa min gaskiya, an sa daddawata ga miya?"

Bara'atu ta karkace kai gefe ɗaya, daidai yadda nake yi, ta ce, "Har lasar kwano muka yi, Inna."

Inna ta daɗe tana kallonta. Ni kuwa na shige ɗaki na ɗauko mata alewa biyu.

5. Kada ki daina wa'azi

Duk ranar da ta lashi sukari ta ce ba ita ba ce, ki murɗe mata kunne, ki tuna mata wuta. Ai tarbiyya ba a yi mata hutu.

6. Zauna ki ga sakamako

Daminar bara sauro ya yi mana yawa, zazzaɓi ya kama Bara'atu. Na samo mata kulorokwin, ƙwayar nan mai ɗacin tsiya. Da can sai mun yi kokawa, in danne ta in toshe hanci. Wannan karon sai ta miƙo hannu.

"Kawo, Mama, ni zan sha da kaina."

Ta tafi wajen randa ta ɗebi ruwa a moɗa, ta juya min baya, ta dawo tana goge baki.

"Kin sha?"

"Na sha."

"Ba ɗaci?"

"Ya yi daɗi sosai."

Har alfahari na yi wa Hanatu ta katanga, na ce yarinya ta girma.

Rana ta uku da hantsi Hanatu ta leƙo neman batso. Na ja gwangwanin nan na buɗe. Ƙwayoyin suna jere a saman daddawar, farare tas, ko ɗaya ba ta sha ba. Ban san lokacin da gwangwanin ya faɗi ba. Na tarar da Bara'atu a kan tabarma jikinta kamar garwashi, haƙora suna haɗuwa.

"Bara'atu! Me ya sa?"

Da ƙyar ta buɗe ido. "Idan na ce ba zan iya sha ba ranki zai ɓaci. Ladabi na yi miki, Mama."

Babanta yana Tsafe a layin mai. Na goya yarinya mai shekara shida, ƙafafunta suna reto, na tare ɗan kabu-kabu ko takalmi babu a ƙafata. A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Likitan ya tambaye ni, "Me ya sa kika bari har ya kai haka?" Na buɗe baki in ce wani abu mai daɗin ji, sai na rufe.

7. Shirya fuskantar surukarki

Washegari Inna ta iso da kunu a jug. Ta zauna bakin gado ta ɗora hannu a goshin yarinyar. Ni ina tsugune a ƙasa.

"Inna," na ce, "daddawarki ban taɓa sa ta a miya ba."

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Gidan da aka dahwa batso tun daga zaure aka jin shi. Naki gidan shekara bakwai ƙamshin dunƙulen magi shika yi."

"To me ya sa kike ta kawowa?"

"Ke mi ya sa kike ta godiya? Kwana nawa nika yi ina wahala da gurguzu, bayana kamar shi karye. In daina kuma ki ce Inna ta yi hushi." Ta gyara zama. "Ai ni ma duk zuwan da na yi ina ce miki miyarki ta yi daɗi. Ruwa ne da gishiri, ɗiyata."

Dariya ta so kuɓuce min, amma Inna ba ta yi ba.

"Ni da ke manya ne, mun san wasan da muke yi. Amma ranar da ƙawata ta dubi tsabar idona ta karkace kai irin naki, ran nan na kasa cin tuwo."

Sai ga Bara'atu ta farka. Inna ta sunkuya ta ce, "Ƙawata, ya jikin?"

Yarinyar ta juyo da idanunta da suka faɗa, ta zuba su cikin nawa, tana jira ta karanta amsar da nake so. Allura a hannunta, leɓe duk ya bushe, amma izinina take nema. Wannan karatun ni na koya mata, har da ladan alewa.

Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Na ce, "Faɗi yadda kike ji."

Sai ta ce, "Kaina yana ciwo. Allurar nan akwai zafi." Ta kurɓi kunun da Inna ta kai mata baki, ta yatsine fuska. "Kuma kunun Inna babu sukari."

"Ja'ira!" in ji Inna, tana share ido da bakin mayafi.

Sanarwa

Wadda ta rubuta waɗannan matakai ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya ba, kama daga zazzaɓi da ƙarin ruwa har zuwa jin gaskiyar miyarki a gaban majinyata. Kada kowa ya zo min gida Damba da ƙorafi. Na yi alkawarin tambaya za ta daina, kuma matakan suna aiki.

Bara'atu ta warke, alhamdu lillahi. Sai dai har yau idan na ce "Ya jikin?" ta ce "Lafiya lau," sai na taɓa goshinta da hannuna kafin in yarda. Saboda haka ki ji da kyau, 'yar'uwa. Ranar da ɗiyarki ta daina yi miki tambayar da ke sa ki jin kunya, kada ki yi murna. Tashi ki duba bayan randarki.