Marafan Kwalbar Ladi

Wata biyu bayan rasuwar matata, lokacin ina aiki a masaƙa, na ɗauki kaina gwanin renon 'yarmu Ladi. Ran nan na buɗe jakarta ta makarantar nazare, na tarar da gwangwani cike da marafan kwalba. Na juye a bola, na rubuta wa malamarta, Madam Rifkatu, cewa karatu na kawo ta, ba kwasar shara ba.

Washegari Madam Rifkatu ta tare ni. "Baban Ladi, da su muke wasan ƙirga. Mamanta ce ta tsinto mata su ɗaya-ɗaya."

Ladi ba ta yi kuka ba, kallona kawai take.

Ranar Asabar na fita tsintar marafa, ni dattijon coci. Inda suka fi yawa kuwa wani gidan giya ne a Gonin Gora. Ina durƙushe ƙarƙashin benci, sai ga matan zumunta za su wuce.

Gwangwanin Ladi ya cika. Ni kuwa har yau in an buɗe lemo a biki, sai wata ta miƙo mini marfin: "Dattijo, ungo, mun hutar da kai zuwa Gonin Gora."