Hira da Kwaɗin Kogin Haɗeja

Da na gama digirina na adana tarihi da al'adu a kwamfuta, tambayar kowa a gida ɗaya ce: wane aiki ake yi da shi? Don in rufe bakuna, na ja Yaya Hadiza, shugabar masu tambayar, muka je bakin kogi in naɗi muryar Baba Sale, tsohon masunci da ya san duk hanyar da ruwa ya taɓa bi.

Na hango wani ƙaton gora a gaɓa, na kafa rikodata a bakinsa, har ina cewa Yaya ta kalli ƙwarewa. Ashe shi masunta ke hawa su shiga ruwa.

Baba Sale ya yi nisa cikin labari, sai ya dakata.

"Ɗana, na'urar taka da ni take hira ko da kifi?"

Na waiwaya. Ashe tuni ruwa ya janye goran da rikodata, har ya kai tsakiyar kogi, yana tafiyarsa hankali kwance.

Da yamma aka tsamo shi cikin ciyawa. Na kunna rikoda, kukan kwaɗi zalla, kuma wallahi ya fita raɗau.

Har yau in baƙo ya tambayi sana'ata, Yaya ce ke amsawa: "Ɗan jaridar kwaɗi ne."