Ɗan Shekara Ashirin Mai 'Ya'ya Uku

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na koma ɗan ashirin. A lokacin shekaruna talatin da biyu, ina da mata da 'ya'ya uku a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ɗinki a shagon wani. Ƙwallo kuwa tun ina yaro take cina. Na buga wa ƙungiyoyin unguwa har na gaji, sa'o'ina duk sun ajiye takalmi sun kama kasuwa, ni kaɗai na rage ina jiran ranar da wani babban kulob zai gan ni.

Sai na ji labarin wani Alhaji da ya kafa ƙungiya can wajen Darmanawa, wai yana kawo mutane daga manyan kulob su zaɓi 'yan wasa. Na san wannan ce damata ta ƙarshe, in ta wuce shi ke nan. Matsalar ɗaya ce, masu zaɓen ba sa kallon wanda ya haura ashirin da ɗaya. To, duk wanda ya san harkar ya san akwai shekarun haihuwa, akwai shekarun ƙwallo. Kowa yana ɗan ragewa, wani biyu, wani uku. Ni da na tashi ragewa sai na yanke goma sha biyu (mai son abu ba ya ganin laifinsa). Allah ya yi ni ɗan firit, ba tsawo ba jiki, na aske gemu ƙwal, na sa matata ta tsige min furfurar da ta fara leƙowa a gefen kunne. Tana tsigewa tana cewa, “Wallahi Baban Ummi, ka ji tsoron Allah.”

A ƙungiyar akwai koci biyu. Ɗaya shi ne mai tsara wasa, ɗayan kuma Koci Lawan, wanda ba ruwansa da wa zai buga gaba wa zai buga baya. Aikinsa jikinmu ne: ƙarfin ƙafa, numfashi, gudu, hutu, har da abin da muke ci da lokacin da muke kwanciya. Yara sun sa masa suna Kocin Azaba, don shi ke ɗaura mana igiya a ƙugu mu ja tayar mota, shi ke sa mu tsalle kan benci har idonmu ya yi ja.

Ranar farko ya ja ni gefe, kamar yadda yake yi wa kowane sabo. Ya kalle ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, “Shekarunka nawa? Ba na Alhaji nake tambaya ba, na gaskiya. Daga ni sai kai, ba mai ji.”

Na ce, “Ashirin, Koci.”

Ya ce, “Ka gane, ba gulma nake so ba. Aikin da zan ba ɗan ashirin daban, na ɗan talatin daban. Babba sai ya daɗe yana ɗumama jiki, sai an ƙarfafa masa jijiyoyi a hankali, kuma hutunsa ya fi yawa. In na ɗora maka kayan da ba naka ba, ni zan karya ka da hannuna.”

Na sunkuyar da kai irin na yaron kirki, na ce, “Ashirin ne, watan azumin bana na cika.”

Haka ya sa ni cikin rukunin ƙanana. Kuma a nan na fara girbar abin da na shuka, don a ƙungiya ƙanana su ne 'yan aike. Ni ke ɗauko ƙwallaye, ni ke ɗaura raga, ni ke zuwa sayen ruwa. Kyaftin ɗinmu, wani Nazifi da ba zai wuce ashirin da huɗu ba, shi ke ƙwala min kira, “Kai yaro, zo nan!” Ni kuma in rugo ina cewa, “Na'am, Yaya.” (Yaron da ina sakandare yana yawo ba wando.) Na haɗiye, na ce ai mai nema ba ya fushi.

Aikin ƙananan kuwa ba wasa ba ne. Gudu ne na fita-da-rai, a tsaya, a sake, a tsaya, a sake. Yaran nan su gama su tafi suna tsalle-tsalle, washegari su dawo kamar ba su yi komai ba. Ni in na koma gida sai an dafa min ruwan zafi. Da asuba in na sauko da ƙafar dama, agarata, wato jijiyar nan ta bayan dunduniya, sai ta riƙe kamar an ɗaure ta da waya. Masallaci ma da ɗingishi nake zuwa. Sai na shiga sayen maganin kashe zafi a kemis ina sha kafin atisaye. Ranakun da Koci Lawan ya ce kowa ya huta, ni sai in fita gudu a ɓoye, don ina tsoron yaran su bar ni a baya.

Koci Lawan bai makance ba. Wata rana ya tsayar da ni ya ce, “Me ya sa kake taka ƙafar nan a karkace?”

Na ce takalmi ne ya matse ni.

Ya matsa bayan dunduniyata da yatsa biyu. Zafin har tsakiyar kaina, amma na yi murmushi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Zan sake tambayarka, shekarunka nawa?” Na sake cewa ashirin. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa kunnen ya ji sarai, mai shi ne ya ƙi.

Ranar gwaji ta zo. Ina da ƙane, Sagiru, wanda ke bi na, yana tuƙin adaidaita sahu. Shi gado ya bi ta wajen kawunnanmu: ga tumbi, ga sanƙo, ga gemu har da furfura, duk wanda ya gan shi zai ba shi arba'in. Shi ya kawo ni, amma na sa ya sauke ni tun daga bakin titi, na ce masa, “Ka juya ka tafi, kar in ga ƙeyarka a filin nan.” Ya ce, “To, Yaya.” Ashe bawan Allah ya ajiye mashin ɗinsa ya saje cikin 'yan kallo, wai yana so ya ga ranar da ɗan'uwansa zai dace.

Filin wata makaranta ne a Tarauni, ya cika maƙil. An jera wa baƙin kujeru ƙarƙashin rumfa, Alhaji na gefensu yana ta nuna mu da yatsa. Kafin wasa aka ce za a gwada gudu, ƙanana su fara. Koci Lawan ya zo ta bayana ya ce a hankali, “In ƙafar nan na damunka, ka zauna. Zan ce ni na hana ka.” Na yi kamar ban ji ba.

Aka busa usur. Na fita da ƙarfina duka, kuma wallahi na fara da kyau, har na ji wani daga rumfar yana cewa, “Wane ne wancan ƙaramin?” Ban kai tsakiya ba na ji fas! a bayan ƙafata, kamar an jefe ni da dutse. Na kifa da fuska. Na ɗago baki cike da ƙasa ina ihu, “Wane ɗan iskan ne ya jefe ni?” Na waiga, babu kowa a bayana. Na yunƙura in tashi, ƙafar ta ƙi, tana reto kamar ba tawa ba.

Ina cikin wannan hali sai na ji muryar da na fi tsoron ji a duniya a ranar.

“Yaya! Innalillahi, Yaya!”

Sagiru ne ya keto fili, tumbi na rawa, hula a hannu, sanƙo na ƙyalli. Ya zube a gabana yana kuka wiwi, yana ta “Sannu Yaya, sannu Yaya.” Ina ƙifta masa ido, ina cije baki, ina girgiza kai, ina! Mutumin da tunda ya iya magana bai taɓa kiran sunana ba, ba a ranar zai fara ba.

Jama'a suka kewaye mu. Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai tabarau, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Yi haƙuri, Malam. Ɗanka ne?”

Sagiru ya share hawaye ya ce, “A'a, ranka ya daɗe, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi nake bi. Don Allah ku taimaka masa, 'ya'yansa uku, babbar har ta shiga aji huɗu.”

Sai na ji Nazifi daga baya ya ce, “La'ilaha illallahu, ashe Baba muke aika sayen ruwa.” Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Alhaji bai yi dariya ba, ya dai juya ya koma rumfa yana ba baƙinsa haƙuri. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na rufe fuska da riga na yi kuka, kuma ba zafin ƙafar ne ya sa ni kukan ba.

Koci Lawan ne ya kore mutane. Ya kifa ni, ya matsa ƙwaurina ta baya yana kallon tafin ƙafar, ko motsi ba ta yi ba. Da na ga fuskarsa na san an gama. Shi da Sagiru suka cicciɓe ni zuwa adaidaita.

A hanyar asibiti Koci Lawan ya riƙe ƙafar a cinyarsa, ya ce, “Yanzu fa? Nawa ne?”

Na ce, “Talatin da biyu.”

Ya ce, “Ashe ma ka girme ni.” Ya ce tun ranar farko ya san ba ashirin ba ne, ya yi kirdado ya ɗauka ashirin da biyar, har yana rage min aiki ba tare da na sani ba. Da na gaya masa gudun da nake yi ranar hutu da maganin kemis, sai ya dafe kai. Ya ce, “Babban kulob ba za su ɗauke ka ba ko da ka faɗi gaskiya, wannan kam ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da na sani, da na lallaɓa ƙafar nan ka ƙara shekara uku ko huɗu kana bugawa. Yanzu addu'armu ka taka ta.”

Agarar ta tsinke gaba ɗaya. Aka yi aiki, na yi watanni a kwance, matata na jinya ba ta ce min uffan ba (da ta yi gori ma da ya fi min sauƙi). Na taka ƙafar daga baya, alhamdulillahi, amma ban sake buga ƙwallo ba, ko ta yara a lungu. Keken ɗinki ma da ƙafar hagu nake taka shi. In na ji ana ihun an ci daga wani fili, sai in ƙara ƙarar rediyo.

Abin da na koya bai da yawa. Alhaji zai yarda da kai, masu zaɓe za su yarda, madubi ma in ka aske gemu zai taya ka. Amma wanda aka damƙa wa jikinka, gaya masa gaskiya ko da a kunne ne. Yau shekaruna talatin da biyar, tafiyata ta ɗan sittin. Goma sha biyun nan da na kora ashe ba nisa suka yi ba, zuwa suka yi suka dawo da 'yan rakiya.