Taswira Mai Hoto ko Mai Zane

"Lafiya lau, sai dai ganinka ya ɓata min safiya," in ji jikar da kakanta ya shigo, ba ta ko ɗago kai daga wayar da take gyarawa ba. "Wa ya sako ka?"

"Ni na sako kaina. Miji ya zo shagon matarsa, ko kujera babu?"

Ta turo masa kujerar roba da ƙafa. Tsohon ya zauna, ya ajiye na'urarsa ta GPS a kan gilashin kanta, kusa da kwalbar ƙananan sukurori. Tun da ya ajiye aiki ya kamu da wasan nan na neman ɓoyayyun akwatuna: wani ya ɓoye ɗan akwati a kogon bishiya ko ƙarƙashin gada, ya saka lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi na'ura har ka gano shi. To, a fitar da ta wuce sai ya ɓata, wani direban babbar mota ne ya dawo da shi gida. 'Ya'yansa suka yanke hukunci: in ya sake ɓata ranar Asabar, za a karɓe na'urar, zaman falo ya kama shi ke nan. Shi kuwa bawan Allah, ba abin da yake tsoro a duniya kamar zaman falo.

Ya ce sabuwar taswira yake so ta zuba masa, irin mai hoto wadda tauraron ɗan'adam ya ɗauko, yana ganin rufin gida da bishiya kamar yana sama. Ta ce katin na'urar ba zai ɗauki biyu ba, kuma ita mai zane za ta saka, wadda tituna da rafuka suke layi-layi.

"Mai zane? Ai wannan yara ne suka samu biro."

"Kai da ka ɓata da mai hoto a hannu? Direban ma cewa ya yi kaya ya tsinta a hanya."

"Ban ɓata ba, garin ne ya matsa."

"Hango ka ya yi, ya gudu."

"Ke dai kishi kike yi. Da tsayin nan naki, ko tauraron ya ɗauke ki sai a ce kaza ce."

"Kazar ce dai ka zo roƙo."

Tana tsiya hannunta na aiki. Ta jona na'urar da kwamfuta, ta buɗe masa taswirorin duka biyun. Da ta jawo mai hoto kusa, sunayen tituna suka dagule, domin a jikin hoton aka buga su, ba su da yadda za su gyaru. Da ta jawo mai zane kuwa, komai ya tsaya tsaf. Ta ƙara wa rubutun girma, ta kaurara layukan hanya, ta mai da rafi shuɗi mai duhu, sannan ta miƙa masa.

"Na'urar taka ce ta tsufa, Kaka. Idonta ya yi rauni, ƙananan rubutu wahala suke ba ta."

Tsohon ya karɓa. Na'urar nan garau take, shi ya fi kowa sani. Ashe yarinyar ta daɗe tana kallon yadda yake miƙar da hannu nesa, yana ƙanƙance ido. Bai taɓa gaya wa kowa cewa sunayen sun koma masa tururuwa ba, ita kuma ta gane, ba ta kai wa babanta ba, ta ɗora laifin a kan roba da batir. Ya dubi allon, ya karanta sunan titin da suke a kai ba tare da ya matso da shi ba. Daɗi ya kama shi, ya ji a duk zuriyarsa babu mai kan wannan gajeruwar.

Ya yi dariya har da tari, ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan usur na ƙarfe da ya tanada don akwatin Asabar.

"A wasanmu, wanda ya ɗauki abu sai ya ajiye wani. Karɓi, kin ci."

Ta jujjuya usur ɗin, ta jefa a aljihun rigarta. "In na'urar ta ƙara tsufa ka kawo ta, akwai sauran girman rubutu."

"Zan kawo. Amma babanki fa?"

"Ni me na sani? Gyaran waya kawai na iya."