Rasuwar Ambai, motar da ta kwaso tsofaffin tsauni

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Kaupa Gigmai na garin Gembogl yake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar a-kori-kurarsa, Ambai, wadda ta cika ranar Talata a ƙololuwar tsaunin Mondia, cikin gajimare, bayan doguwar jinya.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Ta ɗauki albasa, dankali, aladu da masu naƙuda a hanyar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi: taɓo har gwiwa, ga ramin da ba a hango ƙarshensa. Da safe takan ce "kyar-kyar-kyar", ta yi tari, sannan ta tashi. Ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ciwon ajali ya kama ta ranar da ta ɗauko gawar surukin Kaupa daga garin Madang. A kan tsaunin Kaupa ya tsaya, yadda aka saba, don a kira mamaci da sunansa kada kurwarsa ta ɓata a hanya. To, daga shi sai gawa, kuma wane ɗan mutunci ne zai kama sunan surukinsa? Sai ya buɗe ƙofa ya ɗaga murya: "Tsoho, shigo mu tafi gida!"

Wayyo Kaupa! Tsofaffi nawa hanyar nan ta ci? Yana tsaye sai ya ga bayan motar ya lotsa, ya ƙara lotsawa, kamar mutane na hawa.

Tun daga ranar, ko babu kaya nishi take, "uhm, uhm", har a gangara. Bakanike ya duba ya ce lafiyarta lau, amma ya ƙi sake taɓa ta. Wari, matar Kaupa, ta kwashe kayanta. "Babana ko da ransa ba ya amsa 'tsoho'," in ji ta. "Ka kwaso iyayen mutane, nawa yana can cikin sanyi. Ni da gidanka sai ya dawo."

Marigayiya ta bar Kaupa cikin tsoro da kewa. Ta bar safayar taya guda da ta suɗe, da sarƙar ja, da fasinjojin da har yanzu ba su sauka ba.

Ba za a sauko da ita ba. Ranar Asabar za a hau da ƙafa, a shafa mata laka bisa al'adar makokinmu, a cire mata ƙofofi don fasinjojin su sauka, Wari ta kira mahaifinta da bakinta. Duk wanda tsaunin ya ci wa tsoho, don Allah ya zo ya kira nasa da suna. Tsohon da ba a zo ɗauka ba, Kaupa ne ya gayyace shi, kuma zai bi Kaupa gida.