Sakace da Katin Bajapane

Kafin mu tafi baje koli a Birmingham, sai da na zaunar da abokin cinikina Alhaji Bawa a shagonmu na Longsight na koya masa ladabi. "Alhaji, wurin mutanen Japan katin mutum tamkar fuskarsa ne. Kai dai ka zuba ido ka gani." Man kaɗe muke son shigarwa kasuwar Japan.

A wurin baje kolin, wakilin wani kamfanin Japan ya miƙo katinsa na kasuwanci da hannu biyu, ya rusuna. Na karɓa, na rusuna har na fi shi. Ina cikin zuba bayani, kilishin da na ci a mota ya dame ni a haƙori. Da kusurwar katin na yi sakace, a natse, ban ko tsagaita maganar ba.

Mutumin ya bi katin da ke ɗauke da sunansa da kallo. Alhaji Bawa ya take min ƙafa.

Har yau ba su kira ba. A masallaci kuwa, da an sallame, sai wani ya miƙo min tsinke da hannu biyu, ya rusuna: "Ranka ya daɗe, ga katina."